Ranar da Baba Sharaɗi ya Miƙe Tsaye

Mijina farfesa ne a fannin harkokin kuɗi, kuma a iya zamana da shi ban taɓa ganin ya sayi ko tsintsiya ba tare da ya yi nazarin abin da ka iya biyo baya ba. Shekarar da firjinmu ya mutu, ruwan ɗumi muka yi ta sha har zafi ya wuce, shi kuwa yana zaune yana kwatanta wannan kamfani da wancan. Ranar da ya yanke shawara ya tafi shago, aka ce masa ai an daina ƙera irin wanda ya zaɓa. Ya dawo yana fara'a, wai in ga amfanin jira, da mun yi gaggawa da yanzu ba mu da inda za mu sami kayan gyara. To, wannan bawan Allah shi ake ɗauka a mota mai sanyi a kai shi manyan otal-otal ya koya wa shugabannin banki yadda ake kasada.

Ni Malam nake ce masa, domin malamina ne kafin ya zama mijina, bakina kuma bai saba da wani suna ba. Shi kuma Akanta yake kirana ko a gaban baƙi, saboda aikina ke nan a wani asibiti mai zaman kansa. A jami'a kuwa ɗalibai sun raɗa masa nasu, Baba Sharaɗi. Ya san da sunan, ina ma zargin yana jin daɗinsa.

Asalin sunan shi ne kwamitin ɗaukar ɗaliban digiri na biyu a sashensu, wanda yake shugabanta tun babbar 'yarmu tana rarrafe, ga shi yanzu ita ma tana da mai rarrafe. Lokacin da ya hau kujerar, abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: ka zo da digirinka na farko, a gan ka, a yi maka tambaya. Yau sharuɗɗan sun zama ɗan littafi mai bango, har sayar da shi ake yi a bakin ƙofar jami'a, kusa da mai gyaran takalma. Malam bai taɓa ƙirƙirar sharaɗi haka siddan ba, wannan kam zan shaide shi. Sai wani ya yi musu wayo sau ɗaya, sannan ya toshe ramin har abada, kowa ya sha wahala a madadin mutum guda. Kullum maganarsa ita ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan kwamitin ba sa kiran sharuɗɗan da lambobinsu, da sunan wanda ya jawo su suke kira. Akwai Dokar Mai Kunne, wadda ta ce dole kunnuwa biyu su fito a hoto, tun daga wani da ya turo ƙanensa ya amsa masa tambayoyi. Akwai Dokar 'Yar Banki, wadda ta ce mai ba da shaida a kanka dole ya zama malamin da ya koyar da kai a aji lokacin digirin farko, ba wani oga na wurin aiki ba, tun daga wata ma'aikaciyar banki da ta kawo shaidar manajanta. Akwai kuma Dokar Suruki, wadda ta hana ɗan'uwa na jini ko na aure ba da wannan shaidar, tun daga wani da surukinsa ya yabe shi har ya ce bai taɓa ganin hazikin yaro kamarsa ba, alhali yaron ko jimlar kuɗin cefane ba ya iya haɗawa.

Suna kuma da wata hanya ta cire sharaɗi, wadda suka gada tun kafin Malam. Ba a jefa ƙuri'a. Wanda ya kawo sharaɗin shi ne zai miƙe tsaye a gaban kowa ya ce da bakinsa, "Na yi kuskure, na janye." Tun da aka kafa sashen ba a taɓa jin wanda ya miƙe ba. Farfesa ya gwammace ya haɗiye alli da ya faɗi waɗannan kalmomi, balle nawa, wanda ko hanya muka ɓata a mota sai ya ce titin ne aka sauya.

Ni kuwa abin da ya kai ni ga littafin nan ba sha'awa ba ce. A asibitinmu na horar da yara huɗu, ɗaya bayan ɗaya, na koya musu aiki tun ba su san inda ake sa hannu ba, kowanne kuma ya tafi ya yi digiri na biyu ya dawo ya zama shugabana. Ta baya-bayan nan sa'ar 'yata ce. Har yau idan lissafi ya rikice mata sai ta rufe ƙofa ta kira ni a hankali, amma a taro ita ce a kan tebur, ni ina gefe ina miƙa mata takardu. Ta ce za ta bar aikin nan da shekara biyu, mai asibitin kuma ya gaya mini baki da baki cewa kujerar tawa ce idan na kawo digirin kafin lokacin. Karatun shekara biyu ne cif. Idan ban shiga bana ba, sai dai in horar da yaro na biyar, in yi ritaya ina miƙa takardu. Abin ya daɗe yana ci mini rai, ban dai faɗa wa kowa ba.

Da na kawo wa Malam maganar muna karyawa, sai ya ajiye kofin shayi ya yi murna ta gaske.

"Madalla, Akanta! Ai tun tuni ya kamata. Ki tabbata kin cika sharuɗɗa, shi ke nan."

Tun tuni, in ji shi. Shi ne fa ya ce in bari sai na yaye ta farko, sannan in bari sai na biyu ya shiga makaranta, sannan in bari ya gama digirin digirgir, don gida ba zai ɗauki ɗalibai biyu ba. Na haɗiye wannan tare da burodina, na sayi littafin a wurin mai gyaran takalma, na zauna na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kunnuwana biyu sun fito a hoto. Komai ya tafi daidai sai da na zo kan Dokar 'Yar Banki.

Na shiga neman malaman da suka koyar da ni. Wanda ya koya mana lissafi ya rasu. Ta fannin doka ta rasu. Na tattalin arziki ya bar ƙasar tun da daɗewa, 'yan'uwansa ma cigiyarsa suke yi. Haka na yi ta bi kamar mai zagayen ta'aziyya, har ya zamana mutum biyu ne kacal suka rage a doron ƙasa da za su iya cewa sun gan ni a aji. Ɗaya Tsohon Shugaban sashen ne, wanda aka ce tsufa ya taɓa masa tunani. Ɗayan kuma yana zaune a falona yana neman tabaransa, alhali suna kan goshinsa.

Na ce, "Malam, kai za ka ba da shaidar nan."

Ya ce, "Ni? Ai Dokar Suruki ta hana."

"To a bar ni in kawo ta mai asibitinmu."

"Dokar 'Yar Banki ta hana."

"Wa ya kawo ta farkon?"

"Ni."

"Ta biyun fa?"

"Ita ma ni." Ya sauko da tabarau daga goshi ya ɗora a hanci, ya dube ni yadda yake duban ɗaliban da suka zo roƙo. "Kin ga, Akanta, kowace a cikinsu tana da hikima. Matsalar ba daga tsarin take ba, yanayinki ne ya zo a baibai."

"Yanayina? Ni na kashe malaman, ko ni na auri kaina?"

Da ya ga abin zai yi zafi sai ya koma lacca. Ya ce idan ya ɗaga ƙafa ga matarsa, gobe wa zai iya hana wa? Ya ce amana ita ce jarin malami, idan ta karye ba bankin da zai farfaɗo da ita. Na ce ya ajiye laccar ga masu biyan kuɗin otal. A ranar kowa ya ci abincinsa shi kaɗai. Wani abokin aikinsa, wanda ɗalibai ke kira Dakta Turare saboda ƙamshinsa kan riga shi shiga aji, da ya ji labarin sai ya ba shi shawara a gaban mutane, wai ya sallame ni na yini ɗaya ya ba da shaidar, da yamma a yi sulhu. Malam ya dawo gida yana huci. Ni kuwa na ce aƙalla an sami mutum ɗaya a sashen da yake tunani.

Gaba kura, baya sayaki. Sai na shirya na tafi gidan Tsohon Shugaba. 'Yarsa ce ta buɗe mini, mace mai yawan dariya wadda gajiya ta bayyana a idonta. Tun a bakin ƙofa ta gaya mini kada in sa rai, domin jiya ma ya gaishe da fanka ya tambaye ta mutanen gida.

Ta ce, "Amma in sa hannu kike so, wannan mai sauƙi ne, Yaya. Ki rubuto abin da kike so. Ko takardar sayar da gidan nan kika miƙa masa zai sa miki, har ya yi miki godiya."

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Biro yana cikin jakata. Na same shi a kan kujerar roba a baranda, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, yana kallon wata bishiya. Ya rame ƙwarai, sai dai girar nan tasa mai kauri tana nan yadda na san ta. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi shekarar da na yi ajinsa da wurin da nake zama. Ya dube ni da kyau ya tambaye ni ko allurar ce na kawo. A nan na san ba zan iya ba. Mutumin da bai san ni ba, yaya zan sa shi ya ce ya san ni? Na bar biron a inda yake.

Don kada zaman ya yi shiru, 'yar ta ɗaga murya ta ce, "Baba, matar Farfesa ce fa, shugaban kwamitinku na da."

Ya ce, "Wane farfesa?" Ta faɗi sunan mijina. Sai fuskar tsohon ta washe, ya fashe da dariya har da tari.

"Wannan yaron? Mai jiƙaƙƙen wando? Shi ne ya zama farfesa? Ikon Allah!"

Na gyara zama. Abin da ya faru da safe ba ya tunawa, amma wannan labari ya kawo shi tiryan-tiryan kamar jiya aka yi.

"Bayan an rufe ɗauka ya zo, har mun tashi. Ruwa ya ba shi kashi, takardunsa duk sun manne da juna, ba mai karantuwa. Ba shi da mai shaida ko ɗaya. Ya tare ni a kan matakala ina riƙe da laima. Na ce yaro an gama, sai baɗi. Ya ce shi ba shi da baɗi, kuɗin motar zuwa kawai ya samo. Na ce to idan ban ɗauke ka ba me za ka yi? Ya ce zai kwana a kan matakalar, gobe ya sake tambayata. Na ce ka ga ja'iri! Na koma na buɗe ofis na rubuta sunansa da hannuna." Ya share hawayen dariya da gefen bargo. "Yana nan da taurin kan?"

Na ce, "Yana nan, Baba, har ya yi jikoki."

A hanyar gida ina cikin motar haya ina dariya ni kaɗai, har ta kusa da ni ta ɗan matsa. Ashe mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi. Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da mutumin nan, ya ba ni labarin digirinsa na digirgir har na haddace sunayen waɗanda suka yi masa tambayoyi, amma bai taɓa ambata mini matakala ba. Na yi niyyar in shiga da maganar tun daga ƙofa, in yi masa wankin babban bargo.

Na same shi a tsakar gida yana shafa man zafi a gwiwarsa ta dama, wadda ta daɗe tana ba shi wahala. Na ajiye jaka na ce, "Mai jiƙaƙƙen wando, an gaishe ka."

Hannunsa ya tsaya cak. Na zaci zai musa, ko ya ce tsohon ya ruɗe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya rufe kwalbar man a hankali.

Ya ce, "Kin san abin da 'yan ajinmu suke kirana? Ɗan alfarma. Ko na fi kowa maki sai su ce ai yaron Shugaba ne. Ranar da aka ba ni farfesa, wani a cikinsu ya riƙe hannuna yana dariya, ya ce ashe ta taga ma ana kaiwa sama. Na yi rantsuwa duk wanda ya shigo a hannuna, ba mai iya gaya masa haka. Zai ce na cika kaza, na cika kaza, ga shi a rubuce."

Duk wankin da na shirya sai ya bi ruwa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin yadda tausayin ya zo ya ɓata mini faɗa. Na zauna a kan turmin da ke gefensa.

Na ce, "Na ji, Malam. Amma waɗanda ba su shigo ba fa? Su me ake kiransu?"

Ya sake buɗe kwalbar man. Na ce masa ni ba alfarma nake nema ba, kuma ba zan kai labarin matakala ko'ina ba. Zan je ranar tantancewa in zauna a benci kamar kowa, idan aka ce in tafi in tafi. Daga nan ban sake tayar da maganar ba, shi ma haka.

Ranar tantancewa kowa ake kira, wanda ya cika da wanda bai cika ba. Ana zaunar da mutane a dogon benci a baranda, kwamiti ya shiga ya rufe ƙofa, can Sakatare ya fito ya sallami waɗanda takardunsu ba su cika ba, a ga sauran. Mun fita gida tare amma a bakin ƙofar jami'a ya ce in sauka in ƙarasa da ƙafa, kada a ce. Na sauka. Bencin ya cika har wasu na tsaye, yawancinsu sa'o'in 'ya'yana, sai mu 'yan tsiraru masu furfura da muke ta kauce wa idon juna. Na sami wuri a ƙarƙashin tagar ɗakin taron, wadda gilasanta biyu suka fashe tun zamanin da nake ɗaliba. Jami'ar da take koyar da sarrafa kuɗi ba ta taɓa samun na gyara su ba, don haka duk abin da ake faɗa a ciki muna ji.

Aka buɗe taro, Sakatare ya fara karanto waɗanda za a sallama. Sai na ji kujera ta yi ƙara, na ji irin nishin da Malam yake yi idan zai tashi daga tabarma.

"Kafin a ci gaba," in ji shi. "Dokar 'Yar Banki. Ni na kawo ta." Ya yi gyaran murya har sau biyu. "Na yi kuskure, na janye."

Wata yarinya kusa da ni ta dafe ƙirji. Ni kuwa idona ya ciko, na shiga laluben hankici. Ban kai ga samunsa ba sai na ji muryar Sakatare, a ladabce kamar mai neman gafara.

"Ranka ya daɗe, an rubuta. Sai dai akwai Dokar Ɗan Gaggawa. Duk gyaran da aka yi, sai shekara mai zuwa yake fara aiki."

"Wa ya kawo wannan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

Na ji lokacin da ya riga ya fara zama, domin kujerar ta yi ƙara, sai kuma nishin ya dawo. "Na yi kuskure, na janye."

"Allah ya ƙara girma," in ji Dakta Turare, kana jin muryarsa ka san yau take sallah a wurinsa. "Amma kada ka zauna tukuna, Farfesa. Akwai dokar da ta ce ba a taɓa sharaɗi fiye da ɗaya a zama guda. Ina jin ita ma taka ce."

"Na janye."

"A'a, ba haka ake faɗa ba."

"Na yi kuskure, na janye!"

Allura ta tono garma. Ashe Malam bai tsaya ga toshe ƙofa ba, sai da ya yi wa kowane kwaɗo nasa kwaɗon. Akwai wadda ta ce sai an ba da sanarwa a rubuce kafin a kawo gyara. Akwai wadda ta ce fayil ɗin da bai cika ba ko buɗe shi ba a yi. Duk wadda ya janye sai wata ta leƙo daga ƙarƙashinta, Sakatare yana karantowa, Malam yana amsa laifi. Tun yana faɗa da ƙyar kamar ana cire masa haƙori, har bakinsa ya saba, ya koma faɗa da ƙarfi. Wata malama da Malam yake cewa ba ta taɓa magana a taro ba ta ce tunda yana tsaye, don Allah ya duba Dokar Mai Kunne, saboda mata masu ɗankwali sun gaji da zuwa wurin mai hoto sau biyu. Ya janye. A benci aka fara ƙirgawa da baki ɗaya, wani saurayi har yana buga cinya. Ni ina dariya ina hawaye, ina kuma tunanin gwiwar nan, don na san yau sai na dafa ruwan gashi.

Can ya ce, "Sakatare, me ya rage?"

"Digiri na farko, ranka ya daɗe, da zuwa a ga mutum a yi masa tambaya. Sai Dokar Suruki da 'yan ƙanana na tsarin zama."

"To duk wanda ke kan bencin nan a gan shi, ba mutum ɗaya ba. Dokar Suruki kuma tana nan, ban janye ta ba. Akwai matata a waje. Dakta, karɓi kujerar."

Ƙofa ta buɗe ya fito yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Yaran da ke ta hayaniya a benci suka sunkuyar da kai. Aka kira sunana na farko. Muka haɗu a bakin ƙofa, bai dube ni ba, ya dai miƙo hannu ya karɓi jakata kamar yadda yake yi idan zan shiga wurin likita.

A ciki Dakta Turare ya baje a kujerar shugaba, ƙamshi ya cika ɗakin. Suka tambaye ni aikina, na yi musu bayanin yadda ake raba kuɗin magani da na albashi a watan da marasa lafiya suka yi yawa masu biya suka yi kaɗan. Suka yi ta jefo tambayoyi ina amsawa, har na manta tsoro nake ji. Daga ƙarshe Dakta ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya ta rage. Me ya sa sai yanzu?"

Na ce, "A gidanmu ba a gaggawa, Dakta. Ana nazarin abin da ka iya biyo baya ne."

Sai da malamar nan ta kifa kai a kan tebur don dariya. Dakta ya share ido ya ce in je in sayi littattafan rubutu, an ɗauke ni, kuma ya ce in sani kwas ɗin mijina dole ne, ba ya kuma ƙara wa kowa maki.

Na jira a wani ɗan ofis aka gama cike mini takardu, don haka da na fito bencin ya ragu sosai. Malam yana can ƙarshensa, inda bai taɓa zama ba tun da ya zo jami'ar, ya miƙe ƙafar dama, jakata a kan cinyarsa. Kusa da shi wani mutum ne mai furfura a gemu, da alama isowarsa ke nan, yana haki, takalmansa duk laka, ya rungume wata tsohuwar ambulan. Bai san da wa yake zaune ba.

Na ji yana cewa, "Motarmu ce ta lalace a hanya. Karo na uku ke nan ina zuwa. An ce wanda bai amsa sunansa da safe ba, ko kallonsa ba a yi. Kai ma nema ka zo, Baba? A shekarunka? To wallahi ka haƙura, wannan Baba Sharaɗin ba ya ɗaukar irinmu. An ce ko uwarsa ce ta makara sai ta dawo baɗi."

Malam ya jinjina kai. Ya ce, "Na san shi. Da shi ne a bakin ƙofa ranar da na zo, da ban shiga ba."

Ya ɗago ya gan ni. Na gyaɗa masa kai, ya gane, fuskarsa ta saki. Na ce ya tashi mu tafi gida in gasa masa ƙafar. Ya dubi mutumin, ya dubi lakar da ke takalmansa, sannan ya leƙa ta fasasshiyar tagar.

"Sakatare! Dokar wanda ya makara, tana cikin waɗanda na janye?"

"A'a, ranka ya daɗe, tana nan."

Ya yi dogon tsaki, ya miƙo mini jakata, ya ɗora hannu a kafaɗata.

"Kama ni in miƙe, Akanta. Saura ɗaya."